Ɗalibaina sun dage 0.25 ta fi 0.3 girma: ta ina zan kamo gyaran?

Tambaya: Ina koyar da lissafi a aji biyar na firamare. Na koya wa yara lambar bisa, irin su 3/4, da lambar ɗigo, irin su 0.75. Sun yi aikin aji sun ci. Bayan mako biyu na tambaye su wacce ta fi girma tsakanin 0.25 da 0.3, fiye da rabin ajin suka ce 0.25. Wasu kuma sun kafe a kan 1/8 ta fi 1/3. Na maimaita dokar har na gaji. Yaya zan yi?

Malama, sannu da fama. Yaron da ya ce 0.25 ta fi 0.3 ba shaci-faɗi ya yi ba. Ya yi tunani, kuma tunanin yana da tushe. Tun daga aji ɗaya yake ganin lambar da ta fi tsawo ita ce babba: 125 ta fi 98, 1000 ta fi 999. Shekara huɗu wannan doka ba ta taɓa ba shi kunya ba, duk ranar da ya bi ta sai ya samu maki. Yanzu kin ajiye masa 0.25 da 0.3, ya ga ashirin da biyar a nan, uku a can, ya yanke hukunci da dokar da ya amince da ita. Wanda ya ce 1/8 ta fi 1/3 shi ma takwas ya gani da uku. Shi ya sa maimaita sabuwar doka ba ya raba gardamar. Yaron zai haddace taki don ya ci aikin ranar, tasa kuma tana nan kwance a ƙasa, da an kwana biyu sai ta taso.

Kada ki ɗauka ajinki ne kaɗai. A wata jarrabawar ƙasa da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1970, an nemi yara 'yan shekara 13 su kimanta amsar 12/13 + 7/8, aka ba su zaɓi: 1, 2, 19 ko 21. Kashi 24 cikin ɗari ne kawai suka zaɓi 2. Fiye da rabinsu 19 ko 21 suka ɗauka, wato sun tara lambobin sama, ko sun tara na ƙasa. Da yawansu sun iya bin matakan tara lambar bisa a takarda. Abin da ya kuɓuce musu shi ne 12/13 lamba ce guda ɗaya mai zama dab da 1, haka ma 7/8. Wannan shi ne ciwon ajinki, kuma shi nake so ki sa a gaba: yaro ya ga 3/4 ko 0.25 a matsayin lamba ɗaya mai girma sananne da wurin zama sananne, kafin a ba shi wata dabarar kwatantawa.

Abin ya wahalar da manya ma. Masanin lissafi Al-Uƙlidisi ya yi amfani da tsarin kason goma-goma, wato lambar ɗigo, a Dimashƙu wajen shekarar 952, Al-Kashi ya yi cikakken bayaninsa a Samarkand a 1427, amma bai fara bazuwa a Turai ba sai bayan ɗan littafin da Simon Stevin ya fitar a 1585. Abin da masana suka ɗebi ƙarnuka kafin ya zauna musu, mako biyu ya yi wa ɗan shekara goma kaɗan. Lokacin da za ki ƙara kuma ba asara ba ne. Binciken da Robert Siegler da abokan aikinsa suka wallafa a 2012, a kan ɗaliban Amurka da Birtaniya, ya nuna sanin lambar bisa a ƙarshen firamare yana hasashen yadda yaro zai kasance a aljabara a sakandare.

Kafin ki sake koyar da komai, ki gano irin kuskuren da kowane yaro yake yi, domin ba iri ɗaya ba ne. Kaye Stacey da Vicki Steinle na Jami'ar Melbourne a Ostiraliya sun gwada dubban ɗalibai a kan kwatanta lambar ɗigo, suka ga manyan hanyoyi biyu na ɓata. Ta farko ita ce wadda kika gani, doguwa ita ce babba. Ta biyu kishiyarta ce, gajeriya ita ce babba, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro. Yaron da ke kan ta biyu zai ce miki 0.3 ta fi 0.25, ki ba shi maki, ki wuce. Gobe ki ba shi 0.4 da 0.47 ya ce 0.4 ce babba. In kika tambaye shi dalili, zai ce ai kason goma ya fi kason ɗari girma, saboda haka duk lambar da ta tsaya a gurbi na farko ta fi wadda ta kai na biyu. Kin ga ya ɗauko gaskiya ya ajiye ta a inda ba wurinta ba. Wani kuma yana kallon 0.3 kamar 1/3, 0.4 kamar 1/4, sai ya ce 0.3 ta fi 0.4. Binciken ya nuna kuskuren farko yana raguwa da yara suna girma, na biyun kuwa yana bin wasu har sakandare, saboda yana ɓuya a cikin amsoshi na daidai.

Ki rubuta waɗannan a allo, kowa ya zagaye babbar, ko ya rubuta "daidai suke": 0.8 da 0.75, 0.4 da 0.457, 0.3 da 0.4, 0.5 da 0.05, 0.6 da 0.60, 0 da 0.6. Minti goma ya isa. Wanda ya faɗi ta farko ya ci ta biyu, mai bin tsawo ne. Wanda ya ci ta farko ya faɗi ta biyu, mai bin gajarta ne. Ta ƙarshen kada ki raina ta, akwai yaran da suke ɗauka duk abin da ya fara da "sifili ɗigo" ƙasa da sifili yake. A ɓangaren lambar bisa ki ba su 1/3 da 1/8. 3/4 da 5/6. 3/5 da 5/8. Za ki samu masu cewa 3/4 da 5/6 daidai suke, wai kowacce saura ɗaya ta cika. Su ne kuma za su ce 3/5 ta fi 5/8, don tazarar 3 da 5 biyu ce, ta 5 da 8 uku ce, alhali 3/5 ita ce 0.6, 5/8 kuwa 0.625. Kada ki sa maki a wannan gwaji. Ki kira yara uku ko huɗu daga kowane rukuni ki ce, "Faɗa mini yadda ka yi ka gane." Abin da za ki ji a bakinsu ya fi duk abin da zan rubuta miki.

Gyara na farko a bakinki yake. In kina karanta 0.25 da "sifili ɗigo ashirin da biyar", 0.3 kuma "sifili ɗigo uku", to kunnen yaron ya riga ya ji ashirin da biyar da uku, kuma ba wanda zai shawo kansa cewa uku ta fi. Ki karanta ta "sifili ɗigo biyu biyar". A makonnin farko ma ki riƙa bin ta da cikakken sunanta: kashi ashirin da biyar cikin ɗari. 0.3 kuma kashi uku cikin goma. Haka lambar bisa. "Uku bisa huɗu" wurin da aka rubuta lambobin kawai yake faɗa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. "Kashi uku cikin huɗu" shi ne yake ɗauke da ma'anar: an raba abu gida huɗu daidai wa daida, an ɗauki uku. Ki fara da wannan, "bisa" ta biyo baya. Kuma ki jingina da kalmomin da suka zo da su daga gida. Babu yaron da zai ce miki kwata ya fi rabi. Sai an rubuta 1/4 da 1/2 ne huɗun take ruɗe shi. Ki nuna masa abin da ya riga ya sani ne aka sa wa sabuwar riga.

Sai aikin hannu, tunda gani ya kori ji. Ki yanka zirin takarda masu tsawo ɗaya, santimita 24 kowanne. Na zaɓi 24 ne don tana rabuwa da 2, 3, 4, 6, 8 da 12 ba saura. Kowane yaro, ko kowane benci in ajin yana da yawa, ya samu guda shida. Ɗaya a bar shi yadda yake, a rubuta masa 1. Sauran su naɗe su da kansu: gida biyu, gida huɗu, gida takwas, gida uku, gida shida. Naɗin gida uku zai ba su wahala, ki bar su su yi ta gwadawa, a cikin wahalar ne suke gane cewa dole gidajen su zama daidai da juna. In sun jera su ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ki tambaya: me ya sa gidan da aka rubuta wa 1/8 ya fi na 1/3 ƙanƙanta, ga shi takwas ta fi uku? Ki yi shiru ki jira. Wani zai ce, "Malama, ai in masu rabo suka yi yawa, rabon kowa raguwa yake yi." Wannan jumlar, in daga bakin yaro ta fito, ta fi ki rubuta ta a allo sau goma.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: dole zirin su zama tsawo ɗaya. Wata rana ki kawo dogon ziri da gajere da gangan, ki nuna kwatan dogon ya fi rabin gajeren tsawo, ki tambaye su ko hakan na nufin 1/4 ta fi 1/2. Su yi gardama a kai har su cimma cewa kwatantawa ba ta yiwuwa sai "ɗayan" da ake rabawa iri ɗaya ne.

Takarda kaɗai ba ta isa ba, domin tana barin yaro da tunanin cewa lambar bisa guntun wani abu ce kawai. Abin da ke mayar da ita lamba shi ne layin lambobi, kuma in da za a ce in zaɓi kayan aiki ɗaya tak, shi zan zaɓa. Ki ɗaura igiya daga wannan gefen allo zuwa wancan, ki maƙala kati mai 0 a farko, mai 1 a tsakiya, mai 2 a ƙarshe. Ki kai ta 2 ɗin, don su ga 5/4 da 1.3 su ma suna da mazauni, kada su tashi da zaton duk lambar bisa ƙasa da ɗaya take. Kullum da safe ki miƙa wa yara uku kati, kowa ya je ya rataye nasa inda yake ganin ya dace, ajin ya ce ya yi ko bai yi ba, da dalili. Ki gauraya katunan tun daga farko: 1/2, 0.5, 3/4, 0.7, 1/10. Ranar da mai riƙe da 1/2 da mai riƙe da 0.5 suka yi karo a wuri ɗaya, ajin zai gane cewa suna biyu ne na lamba ɗaya. Ki sa ido a kan masu ƙirga alamomin da ke jikin layin maimakon tazarar da ke tsakaninsu. Layin da aka raba gida huɗu yana da alama biyar in an haɗa da 0 da 1, sai yaro ya kira kowane gida 1/5.

Ga ita 0.25 da 0.3 ɗin kanta, mita ɗaya tana warware ta a cikin darasi guda. Mita santimita 100 ce. Kashi ɗaya cikin goma na mita santimita 10 ne, to 0.3 na mita santimita 30 ke nan, 0.25 kuma santimita 25. Su auna igiya biyu su yanka, su jera. Sannan su zana murabba'i mai gida goma a tsaye goma a kwance a littafinsu mai gida-gida. 0.3 layi uku ne cikakku. 0.25 layi biyu ne da gida biyar, bai kai ga cika layi na uku ba. Daga nan dokar gaskiya take fitowa da kanta: a fara duba gurbin kason goma, wadda ta fi a nan ta riga ta yi gaba, duk abin da ya biyo baya ba zai kamo ta ba. Sai in sun yi kunnen doki a wannan gurbi ne ake matsawa na gaba. Ki gwada su da 0.3 da 0.2999, ki ga wanda har yanzu tsawo ke jan idonsa.

Na san akwai gajeriyar hanya, a cike da sifili: 0.3 ta koma 0.30, sai a kwatanta 30 da 25. Hanyar daidai ce, amma ina roƙonki ki jinkirta ta. Tana mayar da yaron wurin tsohuwar dokarsa ta cikakkun lambobi, ya ci tambayar ba tare da ya canja komai a kansa ba, ke kuma ki rasa hanyar gane waye ya fahimta. Ga kuma wata illa: an taɓa gaya masa ƙara sifili a bayan lamba ninkawa ne sau goma, 3 ta zama 30. Yanzu an ce ƙara sifili ba ya canja komai. In ba a warware masa wannan ba, shi ne zai rubuta miki 0.3 sau 10 daidai da 0.30. Ki bar shi ya fara nuna miki a murabba'in nan cewa layi uku da gida talatin wuri ɗaya suka rufe. Bayan haka ya cike da sifili yadda ya ga dama.

Ra'ayina ke nan a kan ninkawa a gicciye ma. A 2/3 da 3/5, a ce 2 sau 5 goma, 3 sau 3 tara, don haka 2/3 ta fi. Amsar daidai ce, amma ki tambayi yaron goma ɗin mene ne, tara ɗin mene ne. Yawanci ba su sani ba cewa 10/15 ce da 9/15, wato an mayar da su lambar ƙasa ɗaya ne aka ɓoye 15 ɗin. Kafin a kai nan akwai tambayoyin da nake so su zama jiki ga yaro. Lambar ƙasa ɗaya ce? To gidajen girmansu ɗaya, mai yawa ta fi. Lambar sama ɗaya ce, kamar 3/5 da 3/7? To yawan gidajen ɗaya ne, mai manyan gidaje ta fi, ita ce 3/5. In ba ko ɗaya, a auna da rabi: 3/8 ba ta kai rabi ba tunda rabin takwas huɗu ne, 4/7 kuwa ta wuce rabi tunda rabin bakwai uku da rabi ne, an gama ba a ninka komai ba. In duka biyun suna dab da 1, a duba abin da ya rage: 7/8 saura 1/8 ta cika, 9/10 saura 1/10, wadda giɓinta ya fi ƙanƙanta ita ce a gaba, wato 9/10. Wannan ta ƙarshe ita ce maganin masu cewa 3/4 da 5/6 daidai suke. Gaskiya ne kowacce saura gida ɗaya, amma gidan kwata ya fi gidan 1/6 faɗi, ga zirin takarda nan su duba. Sai waɗannan duka sun gaza, kamar a 2/3 da 3/5, a nemi lambar ƙasa ta tarayya.

Idan aka haɗa lambar bisa da ta ɗigo a tambaya ɗaya, sabon kuskure yana ɓullowa. Yaro ya ɗauko lambobin da ya gani ya sa ɗigo a tsakaninsu ko kafin lambar ƙasa: 1/5 ta zama 0.5 ko 1.5, 1/4 ta zama 0.4. Igiyar allo tana kama wannan nan take, don in 1/5 ita ce 0.5, to ita da rabi wuri ɗaya za su zauna, kuma ajin ba zai yarda ba. Akwai 'yan kaɗan da ya kamata su zauna a kansu daram: 1/2 ita ce 0.5, 1/4 0.25, 3/4 0.75, 1/5 0.2, 1/10 0.1. Su samo su da kansu a murabba'i mai gida ɗari, kwatan ɗari ashirin da biyar ne, kashi ɗaya cikin biyar na ɗari ashirin ne. Daga waɗannan ake gina saura. 1/8 rabin kwata ce, rabin 0.25 kuwa 0.125, saboda haka 3/8 ita ce 0.375, ba ta kai 0.4 ba.

Sulusi zai zo da tasa rigimar, kuma ina son ki bar ta ta zo. Da yawa za su ce 1/3 ita ce 0.3. Su naɗe igiyar mita ɗaya gida uku su ɗora a rula. Za ta wuce santimita 30, ta wuce 33 da ɗan kaɗan, ba ta kai 34 ba. In suka raba 1 da 3 a takarda, ukun ba za ta daina fitowa ba. Dalilin shi ne goma daga 2 da 5 aka gina ta, don haka lambar bisa, bayan an rage ta iya ragewa, tana tsayawa a tsarin ɗigo ne kawai in lambar ƙasanta ba ta ƙunshi komai ba sai 2 da 5, kamar 4, 8, 20 ko 25. Uku ba ta cikin wannan dangi, haka shida da bakwai da tara. Ba sai kin koya wa aji biyar wannan a matsayin doka ba, amma ke ki riƙe shi, don akwai yaron da zai tambaya, kuma ya cancanci amsa. Abin da ajin ke buƙata shi ne jerin: 0.3 ƙasa take da 0.33, ita kuma ƙasa da 1/3.

Wata tambaya da nake yi wa kowane aji ita ce: wace lamba ce tsakanin 0.3 da 0.4? Da farko za su ce babu, tunda babu komai tsakanin 3 da 4 a ƙirgen da suka sani. Ki zana tazarar nan a allo da faɗi, ki raba ta gida goma, 0.31 har 0.39 su bayyana. Sai ki sake tambaya tsakanin 0.34 da 0.35. Yaran da suka fahimta za ki ga idonsu ya buɗe, wani ma zai ce ashe abin ba ya ƙarewa.

Game da lokaci, ba na ba ki shawarar ki tsayar da manhaja. Darasi uku ko huɗu cikakku sun isa zirin takarda, mita da murabba'i. Bayan nan minti biyar na igiyar allo a farkon kowane darasin lissafi, har ƙarshen zango. Bayan mako uku ki sake gwajin farko da sababbin lambobi masu tarko iri ɗaya, misali 0.7 da 0.65, 0.2 da 0.238, 4/5 da 6/7, kuma wannan karon kowa ya rubuta dalilinsa a layi ɗaya ko ya zana shi. Waɗanda suka ci amma dalilinsu "na ƙara sifili" ne kawai, ki ba su kati su rataye a igiya a gabanki. Waɗanda har yanzu suke bin tsawo ko gajarta, ki zauna da su su biyar-biyar da rula da almakashi, su sake yanka 0.3 da 0.25 na mita da hannunsu, kowa ya faɗa miki da bakinsa wacce ta fi da kuma santimita nawa ta fi ta.